Tashar Miyami, Inda Tsinken Auduga Ya Taɓa Tsare Ƙofar Teku

A can kudu maso gabashin Amurka, a gindin jihar Fulorida inda ƙasa ta miƙa cikin teku kamar ɗan yatsa, akwai wani babban birni mai suna Miyami. Tsakanin tsakiyar birnin da unguwannin bakin teku akwai faffaɗan ruwa da ake kira Biscayne, a cikin ruwan nan kuwa akwai tsibirin Dodge, wanda ba halittar asali ba ne, mutane ne suka tara shi da yashi da duwatsun da suka yaso daga ƙarƙashin ruwa sa'ad da suke haƙa wa jirage hanya. A kan wannan tsibiri aka gina tashar jiragen ruwa ta Miyami, wadda mutanen garin ke yi wa kirari da cewa ita ce hedkwatar jiragen yawon shaƙatawa ta duniya.

Wanda ya bi babbar gadar MacArthur da safiyar Asabar ko Lahadi, in ya dubi kudu zai ga jiragen sun jeru a bakin tsibirin, hancin wannan a bayan wancan, farare fat, kowanne ya ɗara dogayen gidajen wani gari tsawo. Jirgi yakan iso tun da asuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi fasinjojin da suka gama tafiyarsu sun sauka, an kwashe shara, an canza zannuwan gado dubbai, manyan motoci sun sauke nama da kayan lambu da ruwan sha. Daga nan sai sababbin fasinjoji su fara kwararowa, 'yan dako suna karɓar akwatuna suna jibgawa a kekunan ƙarfe, ana ta hayaniya da Ingilishi da Sifaniyanci da harshen mutanen Haiti. Da la'asar sakaliya sai jirgi ya yi kururuwa da ƙahonsa, ya bi ta wata mashiga da ake kira Government Cut ya faɗa teku, mutane kuwa na tsaye a wurin shan iska na South Pointe suna ɗaga masa hannu.

Waɗannan jirage ba sa kai mutum ko'ina don ya zauna. Otal ne mai tafiya a kan ruwa. Mutum ya biya kuɗi ya shiga, ya yi kwana uku ko bakwai yana ci yana sha yana kallon wasanni, a tsaya da shi a tsibiran Bahamas ko Jamaika ko gaɓar Meziko ya miƙe ƙafa, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. A shekarar kuɗi ta 2019 fasinja miliyan 6.8 ne suka bi ta wannan tasha. To, amma akwai lokacin da duk girman jiragen nan da yawan dukiyar masu su, babu mai taka gadar shiga sai da izinin wani ɗan siririn tsinke mai auduga a baki, wanda ake zura wa mutum a hanci.

YADDA SANA'AR TA KAFU

A shekarun 1960 aka mayar da tashar Miyami kan tsibirin Dodge. A shekarar 1966 wani attajirin ƙasar Norway mai suna Knut Kloster, tare da wani ɗan kasuwa Ted Arison, suka fara jigilar masu shaƙatawa daga nan zuwa tsibiran Karibiyan da jirgi ɗaya mai suna Sunward. Da suka raba gari, Arison ya kafa kamfanin Carnival a shekarar 1972, jirginsa na farko kuwa, Mardi Gras, ya kafe a yashi tun bai bar bakin Miyami ba a tafiyarsa ta farko. Kamfanin Royal Caribbean an kafa shi ne a 1968. Waɗannan kamfanoni uku, watau Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, su ne suka zama manyan giwayen sana'ar a duniya, kuma dukansu a Miyami da kewayenta suka kafa manyan ofisoshinsu.

Abin lura shi ne, ko da yake a Amurka kamfanonin ke zaune, galibin jiragensu suna ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta, domin can aka yi musu rajista. Ma'aikatan cikinsu kuma, masu dafa abinci da masu wanki da masu gyaran ɗakuna, akasarinsu 'yan ci-rani ne daga Filifins da Indunusiya da Indiya, waɗanda kan yi watanni a kan ruwa suna aika wa iyalinsu abin da suka samu. A tudu kuwa akwai 'yan dako da direbobin tasi da masu otal da dillalan tikiti, duk tukunyarsu ba ta tafasa sai jirgi ya tashi.

RANAR DA TASHA TA YI TSIT

Musibar ta faro ne daga nesa. A farkon watan Fabrairu na shekarar 2020 jirgin Diamond Princess ya komo tashar Yokohama a ƙasar Japan da mutum 3,711 a cikinsa, fasinja 2,666 da ma'aikata 1,045. Kafin isowarsa an sami labari cewa wani dattijo ɗan shekara 80 da ya sauka a Hong Kong ran 25 ga Janairu yana ɗauke da sabuwar cutar nan ta korona. Hukumomin Japan suka tsare jirgin, aka umarci kowa ya zauna a ɗakinsa. Da aka gama ƙidaya, mutum 712 ne suka kamu, sama da goma kuma suka riga mu gidan gaskiya. Likitoci suka lura da wani abu mai tayar da hankali: da yawa daga cikin waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar ba su da zazzaɓi ba su da tari a lokacin da aka gwada su. Ma'aunin zafin jiki da tambayar "kana lafiya?" sun tashi daga aiki ke nan.

Ran 14 ga Maris 2020 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wadda ake kira CDC, ta ba da umarnin hana manyan jiragen shaƙatawa tashi daga tashoshin ƙasar. Jiragen da labarin ya riska a tsakiyar teku suka shiga yawon neman inda za a karɓe su, tasha bayan tasha na rufe musu ƙofa. Jirgin Zaandam, wanda aka ƙi bari ya sauke mutane a Kudancin Amurka, sai ran 2 ga Afrilu ya sami shiga tashar Port Everglades da ke arewa da Miyami, da gawa huɗu a cikinsa. Bayan kwana biyu Coral Princess ya iso Miyami da gawa biyu.

Fasinjoji dai an yi ta ɗawainiya har aka mayar da su gida. Ma'aikata ne aka bari a baya. A watan Afrilun nan hukumar CDC ta ce akwai jirage wajen 100 a kewayen gaɓar Amurka, ɗauke da ma'aikata kusan 80,000. Wasunsu sun yi watanni a ɗakunan da ba su da taga, suna hangen fitilun Miyami in an bar su sun hau sama shan iska, ba damar sauka, ba jirgin sama da zai kai su ƙasashensu. A tudu kuma zaurukan fasinja suka zama kufai. Kamfanin Carnival kaɗai ya yi asarar sama da dala miliyan dubu 10 a shekarar kuɗinsa ta 2020. Tsofaffin jirage aka tura su garin Aliaga na ƙasar Turkiyya aka farfasa su aka sayar da ƙarfen, har da Sovereign of the Seas, wanda a shekarar 1988 ya fara tashi daga Miyami a matsayin jirgin shaƙatawa mafi girma a zamaninsa.

DABARAR DA TA FITO DAGA ITALIYA

Tambayar da ta tsaya wa kowa a maƙogwaro ita ce, ta yaya za a tara mutum dubu uku ko biyar a gida ɗaya, suna ci a zaure ɗaya, suna cunkusuwa a lif ɗaya, ba tare da an shigo da cutar ba? Amsar farko ta fito ne daga birnin Jenowa na Italiya. Ran 16 ga Agusta 2020 jirgin MSC Grandiosa ya tashi daga can, shi ne babban jirgi na farko da ya koma aiki a tekun Bahar Rum. Kowane fasinja sai da aka auna zafin jikinsa, ya cika takardar tambayoyi, aka zura masa tsinke a hanci nan cikin zauren tasha, ya zauna jiran sakamako. Wanda gwaji ya kama sai a sake masa wani mai zurfi, in ya tabbata sai a sallame shi tare da abokan tafiyarsa. Haka kuma ba a yarda kowa ya sauka yawo a gari shi kaɗai ba sai cikin ayarin da kamfani ya shirya. Wasu iyali da suka sulale daga ayari a tsayawar da aka yi a Napoli, da suka komo aka hana su hawa, jirgi ya tafi ya bar su.

Gwajin nan iri biyu ne, ya kamata mai karatu ya san bambancinsu. Na ɗaya, wanda ake kira PCR, yana neman tsatson ƙwayar cutar ne, na'ura ta riƙa ninka ɗan abin da aka samo a hanci har ya yi yawan da za a gane shi. Yana da kaifin ido ƙwarai, amma yana bukatar ɗakin gwaji da ƙwararru, sakamako kuma yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Na biyu shi ne gwajin nan take, wanda ke neman wani sinadari na jikin ƙwayar, a cikin minti 15 ya nuna layi ɗaya ko biyu. Yana da araha da sauri, sai dai in ƙwayoyin ba su yi yawa a hanci ba sai ya wuce su bai gani ba.

Dukansu biyu kuwa akwai inda ƙarfinsu ya ƙare. Cuta ba ta nuna kanta ranar da ta shiga jiki. Takan kwanta kwana biyu ko uku ko fiye tana hayayyafa a ɓoye kafin kowace na'ura ta iya hango ta. Saboda haka mutumin da ya ɗauki cutar jiya a filin jirgin sama, in aka gwada shi yau za a ba shi takarda mai cewa lafiyarsa ƙalau, ya shiga jirgi da gaskiyarsa, bayan kwana uku ya fara raba wa jama'a.

Wannan darasi an koye shi da wuri. Ran 7 ga Nuwamba 2020 wani ƙaramin jirgi na masu hannu da shuni, SeaDream I, ya tashi daga tsibirin Barbados da fasinja 53 da ma'aikata 66, shi ne na farko da ya gwada komawa aiki a Karibiyan. An gwada kowane fasinja sau biyu, ɗaya kafin ya baro gida, ɗaya kuma a bakin jirgi. Duk da haka ba a yi mako ba wani ya kwanta, jirgi ya juya da baya, aka sami fasinja 7 da ma'aikata 2 ɗauke da cutar. Kamfanin ya soke sauran tafiye-tafiyensa na shekarar. Nan aka gane cewa gwajin bakin ƙofa rariya ce: tana tare tsakuwa da yawa, amma dole wani abu ya zurare.

ƘIDAYAR KWANAKI A BAKIN ƘOFA

A Amurka hukuma ba ta yi gaggawa ba. Ran 30 ga Oktoba 2020 CDC ta maye gurbin umarnin hani da wani tsari mai sharuɗɗa. Dole kamfani ya gwada ma'aikatansa a kai a kai, ya girka na'urar gwaji a cikin jirgi, ya ƙulla yarjejeniya da asibitoci da masaukai a tudu saboda ko ta kwana, sa'an nan ya yi tafiyar gwaji da 'yan sa-kai kafin a bar shi ya ɗauki mai biya. Da allurar rigakafi ta samu, a watan Afrilu 2021 aka sassauta, aka ce jirgin da kashi 98 cikin ɗari na ma'aikatansa da kashi 95 na fasinjojinsa suka yi allura ba sai ya yi tafiyar gwaji ba.

Sai ran 26 ga Yuni 2021, bayan wata 15, babban jirgi ya sake tashi daga Amurka da fasinja masu biya. Shi ne Celebrity Edge, daga Port Everglades, wata mace mai suna Kate McCue ce kyaftin ɗinsa. A Miyami kuwa jirgin Freedom of the Seas ya yi tafiyar gwajinsa ran 20 ga Yuni, ya fara ɗaukar fasinja ran 2 ga Yuli.

Da farko an ɗauke wa masu allura nauyin gwaji a jirage da dama. Amma da nau'in cutar da ake kira Delta ya mamaye Fulorida a tsakiyar shekarar, sai kamfanoni suka komo da shi kan kowa. A watan Agusta aka ce mai allura ya kawo takardar gwajin da bai wuce kwana uku ba. Daga 13 ga Satumba 2021 aka rage zuwa kwana biyu. Watau in jirginka zai tashi Asabar, gwajin Alhamis ko Jumma'a ko safiyar Asabar ne kaɗai za a karɓa, na Laraba ya zama takardar tsire. Yaran da shekarunsu ba su kai na allura ba sukan kawo sakamakon PCR daga gida, a kuma sake gwada su a tasha. Jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu ne aka ƙyale.

Rage kwana ɗayan nan yana da dalili. Duk kwanan da aka ƙara tsakanin gwaji da shiga jirgi, an ƙara buɗe wa cuta taga ke nan. Amma a wajen matafiyi ya zama ƙarin wahala. Wanda ke zaune a wata jiha mai nisa dole ya lissafa ranar gwajinsa da ranar jirgin samansa da ranar da sakamako zai fito, in ɗakin gwaji ya yi jinkirin kwana ɗaya shi ke nan. Gwajin da mutum ya yi wa kansa a gida kuma ba a karɓa sai an yi shi a gaban shaida. Daga nan wata sabuwar sana'a ta ɓullo: mutum ya sayi kayan gwaji, ya buɗe wayarsa, wani ma'aikaci a nesa ya dube shi ta kyamara yana zura tsinke a hanci, ya ga layin da ya fito da idonsa, sa'an nan ya aiko masa da takardar shaida.

A zauren tasha kuwa aka ƙara tebura. Kafin a dubi fasfo ko tikiti sai an dubi katin allura da takardar gwaji, a tabbatar suna ya yi daidai, kwanan wata ya yi daidai, irin gwajin ma wanda aka amince da shi ne. An raba wa fasinjoji lokutan isowa don kada a yi cunkoso. Gidan da ya zo da mutum biyar, in ɗan autansu ya nuna layi biyu, galibi dukansu ne za su ɗauki akwatunansu su juya, ko da yake kamfanoni sukan mayar da kuɗi ko su ba da takardar wata tafiya. Wanda ya baro garinsu ta sama kuwa sai ya nemi ɗakin otal ya killace kansa a garin da bai san kowa ba. Ma'aikatan jirgi su nasu gwajin bai ƙare a bakin ƙofa ba. Ana killace sabon zuwa kwanaki kafin ya fara aiki, ana maimaita musu gwaji lokaci lokaci, kuma a jirage da yawa an daɗe ba a bar su sun sauka shan iska a tashoshi ba.

RIGIMAR GWAMNA DA HUKUMA

Maganar ba ta tsaya a hannun likitoci ba, ta shiga siyasa. Gwamnan Fulorida, Ron DeSantis, ya ce gwamnatin tarayya ta shaƙe wa jiharsa wuya, a watan Afrilu 2021 jihar ta kai CDC ƙara. Ran 18 ga Yuni alƙali Steven Merryday na kotun tarayya da ke Tampa ya ba jihar gaskiya, ya ce hukumar ta wuce gona da iri. Daga ƙarshen Yuli sharuɗɗan nan suka zama shawara kawai ga jiragen da ke tashi daga Fulorida. Abin mamaki, kamfanonin suka ci gaba da bin su bisa raɗin kansu, domin sun san jirgi ɗaya ya cika da majinyata ya isa ya rushe musu kasuwa.

Har wa yau jihar ta kafa doka mai hana kowane ɗan kasuwa neman shaidar allura daga abokin cinikinsa, wanda ya karya kuwa tarar dala 5,000 ce a kan kowane laifi. Kamfanin Norwegian, wanda ya yi niyyar kada ya ɗauki kowa sai mai allura, ya garzaya kotu. Ran 8 ga Agusta 2021 alƙaliya Kathleen Williams ta ba shi izinin wucin gadi, ran 15 ga wata jirginsa Norwegian Gem ya tashi daga Miyami. Wasu kamfanonin suka bi ta bayan gida: ba su tilasta wa kowa nuna kati ba, amma wanda bai nuna ba sai a ɗora masa ƙarin gwaji da kuɗinsa, da inshora, da hana shi shiga wasu wurare a cikin jirgi. Ta haka tsinken auduga ya zama hanyar kauce wa doka.

Wanda ya raba gardamar a aikace kuwa ƙaramar maƙwabciya ce. Gwamnatin Bahamas ta ba da umarni cewa daga 3 ga Satumba 2021 babu jirgin shaƙatawa da zai tsaya a ƙasarta sai in duk fasinjojinsa 'yan shekara 12 zuwa sama sun yi allura, ban da masu uzurin likita. Tun da jiragen Miyami da yawa sukan ratsa Bahamas, dole aka bi. Wannan ya nuna wa kowa cewa takardun nan ba don kare na cikin jirgi kaɗai ake neman su ba. Tsibiran da ake zuwa yawo ƙanana ne, asibitocinsu ba su da gadaje masu yawa, suna son kuɗin baƙi amma suna tsoron abin da baƙin za su bar musu. Takardar gwaji ita ce alkawarin da jirgi ke riƙe da shi a hannu in ya zo neman a buɗe masa tasha.

YADDA DOKAR TA FAƊI

A watan Disamba 2021 nau'in Omicron ya zo, mai saurin yaɗuwa, mai iya kama har wanda ya yi allura. Ran 18 ga wata jirgin Symphony of the Seas ya komo Miyami da mutum 48 masu cutar daga cikin 6,091, alhali an tace fasinjojinsa a bakin ƙofa. Tsibiran Aruba da Curacao da Bonaire suka mayar da wasu jirage. Hukumar CDC ta ce a makonni biyun farko, daga 30 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba, an kawo mata rahoton mutum 162 da suka kamu a jirage, amma a makonni biyun da suka biyo baya sai adadin ya haura 5,000. Ran 30 ga Disamba ta shawarci jama'a su guji jiragen shaƙatawa, mai allura da marar allura.

Sai dai a wannan karo akwai bambanci da abin da ya faru a Yokohama. Yawancin waɗanda suka kamu ciwon bai kwantar da su ba, saboda allura. Rariya ta yi ta zuba, amma abin da ya zurare bai yi ɓarna irin ta farko ba. Daga nan aka fara tambaya ko wahalar gwajin ta cancanci amfaninsa, tun da cutar ta riga ta game ko'ina a tudu. Ran 15 ga Janairu 2022 tsarin sharuɗɗan CDC ya ƙare, ya koma na ganin dama. Ran 12 ga Yuni Amurka ta daina neman gwaji daga masu shigowa ta jirgin sama. Ran 18 ga Yuli hukumar ta rufe shirinta na jiragen shaƙatawa ɗungurungum. A farkon Satumba manyan kamfanonin uku suka ɗauke wa masu allura gwaji a yawancin tafiye-tafiyensu, ran 4 ga Oktoba kuma Norwegian ya soke duka, gwaji da allura da takunkumin fuska, sai inda wata ƙasa ta nema. A cikin watan nan ne kotun ɗaukaka ƙara ta ba jihar Fulorida gaskiya a kan dokarta, a lokacin da babu sauran abin da ake jayayya a kai.

TSOHUWAR AL'ADA CE

Wanda ya san tarihin teku ba zai ga baƙon abu a duk wannan ba. A shekarar 1377 birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga garin da ake annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shigo. Daga baya aka mayar da shi kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci Turawa suka samo sunan da suke kiran killacewa da shi. Birnin Banis ya ware tsibiri guda don wannan aiki a shekarar 1423. Shekaru aru-aru kyaftin ba ya shiga tasha sai ya nuna takardar shaidar lafiyar garin da ya baro. Inda aka yi sakaci kuma an ɗanɗana kuɗa. A shekarar 1720 aka sassauta wa wani jirgin fatake a Marsiliya ta Faransa saboda yadudduka masu tsada da ya ɗauko, annobar da ta biyo baya ta kashe kusan rabin mutanen garin.

Kakannin alhazan ƙasar nan ma sun san wannan hanya. Waɗanda suka ratsa Cadi da Sudan a ƙasa a zamanin mulkin Ingilishi, in sun isa Suwakin a bakin Bahar Maliya, sai an yi musu lamba da allura kafin su hau jirgin Jidda, in sun komo kuma a tsare su kwanaki a sansanin killacewa. Katin rawaya na shaidar allurar ciwon shawara, da allurar sanƙarau da ake yi wa maniyyata, jikokin waccan al'ada ne. A Miyami kanta, tsibirin Fisher da jirage ke wucewa ta gefensa in za su fita teku, wanda yanzu unguwar manyan attajirai ce da ba a shiga sai da kwale-kwale, a dā akwai tashar killacewa ta gwamnati a kansa.

Yau an kwashe teburan gwaji daga zaurukan tsibirin Dodge. Kasuwa ta komo har ta zarce ta dā: a shekarar kuɗi ta 2024 fasinja sama da miliyan 8 ne suka bi ta tashar. Ran 27 ga Janairu 2024 jirgin Icon of the Seas, mai tsawon mita 365, wanda zai iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000, ya yi tafiyarsa ta farko daga nan. Abin da ya saura shi ne 'yan tambayoyin lafiya da fasinja ke amsawa kafin ya shiga, da wuraren wanke hannu a ƙofar ɗakunan cin abinci, domin ciwon amai da gudawa tsohon abokin gābar jiragen nan ne, wanda tun shekarar 1975 hukuma ta kafa shirin duba tsabtarsu saboda shi.

Dokar gwaji ta yi zamaninta na ɗan sama da shekara ɗaya a Miyami. Ba ta hana cuta shiga jirgi ba, masu ita ma ba su daɗe suna da'awar haka ba. Abin da ta yi shi ne rage yawan masu shigowa da ita, har likitocin jirgi su iya da sauran, tsibirai su yarda su buɗe tashoshinsu, ɗan dako da mai dafa abinci su koma bakin aikinsu. Jiragen kuwa kullum ƙara girma suke yi, yawan mutanen da ke shaƙar iska ɗaya a cikinsu yana ƙaruwa. Ran da wata sabuwar cuta ta ɓullo, a wannan bakin ƙofa za a sake tsayawa a yi lissafin kwana nawa, gwaji wane iri, wa zai biya, wa kuma za a mayar gida. Allah ya kiyashe mu da annoba, a tudu da kan ruwa.